Ta Tara

A Mindelo, bayan kasuwar kifi,
akwai shagon aski na Nho Tiburcio,
mai madubin da ya tsage tun daga goshi har haɓa.
Can nake zuwa ran Laraba,
in ya share gashin mutane ya tura ƙyaure ɗaya.
Gitar ta mahaifina ce, gishirin teku ya ci kunnuwanta.
Ni kuwa kifi nake feɗewa a gidan gwangwani,
hannuna ya san wuƙa, baƙo ne a wajen tsirkiya.

Ya ce, Zulmira, kin iya kamun nan mai jimami,
mai murya uku,
wanda kowane yaro a bakin tashar jirgi ya iya.
Yau za mu ƙara masa biyu, ta bakwai da ta tara.

Yatsan tsakiya a tsirkiya ta biyar, gaɓa ta biyar.
Manuni ya ja da baya gaɓa biyu, a ta ƙasanta.
Na zobe ya dawo ta biyar.
Auta ya bi shi, ya maƙale a gefensa
kamar wanda ya shiga mota bayan ta cika.
Na kaɗa.
Sai zuuu, ƙuda a kwalba.
Na sake. Wuyan hannuna ya ɗauki zafi har gwiwa.
Ya ce kar ki shaƙe ta, ba ta ci bashinki ba.

Na ƙirga na ce, malam, lissafin bai fita ba.
Muryoyi biyar, yatsu huɗu.
Ya yi dariya har almakashi ya motsa a aljihunsa.
Ya ce ɗaya ake bari a waje.
Kunne zai ji ta ko ba ta zo ba,
yadda ake ganin mutum a kujerar da ya saba zama.

Sannan ya karɓi gitar
ya taɓa muryoyi biyu masu bango ɗaya.
Na yamutsa fuska.
Ya ce kin ji? Ta ɗaya da ta biyu ke nan,
kusanci ya sa suna cizon juna.
To ɗauki ta biyun, haura da ita sama,
ki tsallake matakai bakwai.
Ya kaɗa.
Wani abu ya buɗe a shagon
kamar taga ta gefen ruwa da magariba.
Ya ce ita ce dai, ba ta sake hali ba.
Can nesa ake kiranta ta tara.

Ban tanka ba.
Anildo na tuna, wana,
shekara goma sha tara muna ɗaki ɗaya,
mun yi faɗa kan rediyo, kan bargo,
kan wannan gitar ranar da aka binne baba,
har ya tafi da shatin farcena a wuyansa.
Yanzu yana Rotterdam yana wanke cikin jiragen ruwa.
Ran Lahadi in ya kira
nakan kashe murhu don in ji shi da kyau.

Mako uku na yi.
Tsirkiya ta huda mini hanyoyi a kan yatsu,
gishirin aiki yana shiga yana gaishe su kowace safiya.
Gitar ma ta fara ƙarnin kifi.

Lahadi ta huɗu na jingina waya da tulun sukari,
na jera yatsu ɗaya bayan ɗaya,
na riƙe numfashi, na sauke babban yatsa a hankali.
Muryoyi huɗu suka tashi,
ta biyar ɗin tana tsaye a bakin ƙofa.

Shiru daga can. Ina jin ruwan sama a tagarsa.

Sai ya ce, autanki bai danna sosai ba.
Na ce zo ka danna da kanka.
Ya ce sake kaɗawa.